Kifi a Hannu, Suna a Baki

Ni na fara ganinsa. Yanzu kowa a Astoriya sai ya wage baki ya ce ai tuntuni ya san zakunan teku za su cinye kogin nan. Ƙarya suke yi. Ranar da Mai Haraji ya fara ɗago kai a zirinmu, wato yankin kogin da muke shimfiɗa raga, ni Sulo Kangas ni kaɗai ne a kan ruwa. Ina cire kifi daga raga sai ga shi, ƙaton zakin teku, goshinsa da tozo fari-fari, wuyansa ya yi kaurin duro. Ya ƙare mini kallo kamar ni ne baƙon, ya sa baki ya zare cikin kifin da ke hannuna, ya bar mini kai. Na dawo tasha na ce da su, "Yau na ga wanda zai raba mu da kogi." Suka bushe da dariya, suka ce Sulo ya sake kurɓar abin da ya fi ƙarfinsa. Sunan ma ni na raɗa masa. Jirgi biyu sun nutse da ni a Kogin Kolambiya, ga ni nan ina shan gahawata, masu dariyar kuwa rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa. Amma ba labarina zan ba ku ba, ko da yake ya fi daɗi. Labarin Reino Harju ne.

Reino ya gaji gurbinsa a ziri daga ubansa, shi kuma daga nasa uban, wanda ya zo daga Finlan da gatari da tukunyar gahawa. Su suka share wannan yanki na kogi, suka tumɓuke kututturan da ke ƙasan ruwa don raga ta wuce ba ta yage ba. Saboda haka babu mai shimfiɗa raga a nan sai mai gurbi. Kafin kowace fita ana jefa ƙuri'a a cikin hula. Wanda ya ci shi ke fara shiga, ruwa ya tafi da shi da ragarsa, sauran su bi ɗaya bayan ɗaya. Na gaba shi ke haɗuwa da kifin salmon da bai taɓa ganin raga ba. Na baya sai ragowa, shi ya sa sabon shiga a baya ake ajiye shi.

Mutum ɗaya ne ƙuri'a ba ta hawa kansa, wato tsohon da ya ce bana shekarar sallamarsa ce. Shi ake ba gaba daga farkon kakar kamun kifi har ƙarshenta, don girmamawa. Shi kaɗai zai shiga jirginsa, magajinsa ba zai taka ba. Kafin a rufe kogi sai ya kawo kifi ɗaya daga ragarsa, cikakke daga baki zuwa wutsiya, ya ambaci wanda zai gaje shi. Tsofaffi sun bar mana maganar a taƙaice: kifi a hannu, suna a baki, ɗan ziri yana ji. In bai kawo ba, gurbin ya mutu tare da shi.

Tun yana yaro Reino yake mafarkin wannan shekara. Ya ga ta ubansa, ya ga jirgi ya dawo ya nutse har wuya saboda nauyin kifi. Da tasa ta zo, kogin ya riga ya juya. Zakunan teku sun koyi ƙarar inji, sun koyi kukan gangar da ke naɗe raga. Jirgin da ya fara shiga shi suke bi gaba ɗayansu, su da ƙananan karnukan teku masu zuwa tsintar abin da ya faɗo. Sai sun ƙoshi a ragar na gaba sannan na baya ke samun kifi mai ciki. Harbi kuwa doka ta hana. Hukuma tana ƙirga kifin da ya haura madatsa ta raba, kason 'yan asalin ƙasa na can sama, kason 'yan birni masu fatsa don nishaɗi, abin da ya rage namu. Zakuna babu wanda ya yanka musu kaso, amma su ke fara ɗiba. Duk shekarar da suka ƙara ƙiba sai a rage mana kwanaki, har kakar da a dā muke yi wata da watanni ta koma 'yan sa'o'i nan da can.

Reino ya san duk wannan ranar da ya miƙe a rumfar raga ya ce, "Bana sallama zan yi."

Torbal Lokken, shugaban ziri, ya dubi hannuwan Reino. Sanyin ƙashi ya murɗe yatsun, bara ma da haƙori yake ɗaure igiya.

"Ka san abin da gaba ta zama, tsoho?" in ji Torbal.

"Na riga ka haihuwa a kogin nan."

"To wa za ka ambata?"

"Ka kawo kunnenka ranar, za ka ji."

Kowa ya san Helmi ce, 'yarsa tilo. Shekara da shekaru tana feɗe kifin wasu a kamfanin gwangwani, tana gyara wani tsohon jirgi a bayan gida, ta yi masa fenti har sau nawa bai taɓa ruwa ba.

Torbal ba mugu ba ne, amma yana da 'ya'ya maza biyu a zirin nan, kowanne da iyali. Ya ce, "Zan faɗa maka a gaban idonka, Reino, don kada ka ji a bayan fage. Kason da ake ba mu bai ishi jiragen da ke nan ba. In gurbi ɗaya ya mutu ba zan yi kuka ba. Kuma in 'yarka ta shigo a baya za mu sa ta, wurin da kowa ke roƙon Allah ya ba shi yanzu. Gaba taka ce, babu mai hana ka. Amma kifi sai cikakke, ko haƙori ɗaya na gani ba zan karɓa ba."

"Na gode da girmamawa," in ji Reino, ya sa hularsa ya fita.

Fitar farko ya shiga gaba kamar yadda ubansa ya shiga, ya sa sabuwar rigar ruwa. Bai gama shimfiɗa raga ba ya ji haushin zakuna daga kan duwatsun tasha, suna faɗawa ruwa tim, tim. Gorunan da ke riƙe raga a saman ruwa suka fara rawa, kifi ya shiga sosai. Ya kunna ganga. Abin da ya hau jirgi kawuna ne, wasu da ɗan ƙashin baya yana reto, idanu a buɗe, baki yana motsi. Mai Haraji yana gefe yana wurgi da wani kifi sama, ya gutsire ciki ya saki sauran, tsuntsaye suna rububi. Raga kuma ta yi ramuka, kowanne mutum zai wuce ta ciki.

A tasha ƙaramin ɗan Torbal yana sauke nasa kifin, manya-manya masu ƙyalli. Ya leƙa akwatin Reino ya ce, "Baba Reino, yau unguwa za ta sha miyar kai ke nan!"

"Ka turo uwarka da kwano," in ji Reino. "Ita ta san daɗin kai, tunda ta haifi marasa shi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da ya isa gida ya kasa cire takalminsa.

Helmi ta dafa kawunan da madara da dankali, ta ajiye masa da baƙin burodi. Ta zauna tana ɗinke raga, shi yana riƙe mata gefe da gwiwar hannu. Haka suka yi bayan fita ta biyu, haka bayan wadda ta biyo. Sau ɗaya ya ɗago kifi har bakin jirgi lafiya lau, wani ƙaramin zaki ya zabura ya yage masa wutsiya. Ya daɗe yana kallon kifin nan kafin ya jefa shi akwati.

"Baba, ka bar shi," in ji Helmi wata yamma, ba ta ɗago kai daga ɗinki ba. "Ina da aikina."

"Aikin wari."

"Warin ne ya sayi wannan zaren."

"Kakanki ya nutse ƙasan kogin nan da igiya a ƙugu yana ɗaure kututture. Kunnensa ɗaya a can ya fashe. Ni zan je lahira in same shi in ce na bar wa Lokken?"

"Sai ka ce masa 'yarka ta fi son uba da rai."

Ya dubi hannuwanta. Duk tabon wuƙa ne, fatar ta yi fari saboda ruwan gishiri. Ya san duk ranar da aka buɗe kogi tana fitowa bayan kamfani ta tsaya tana kallon jirage har mai kula da su ya kira ta. Bai ce mata ya sani ba. Ya ce, "Ja zaren nan da kyau, kin bar shi sako-sako."

Sai sanarwa ta zo cewa kifin da ya haura madatsa bai kai yadda aka zata ba. Fita ɗaya ta rage mana, daga nan a rufe.

Ranar Asabar muka shiga ɗakin surace ni da shi, kamar yadda muka saba tun muna samari. Na watsa ruwa a kan duwatsu, tururi ya tashi, na ce, "Reino, na ci na biyu a ƙuri'a, ina bayanka. Ragata ba ta taɓa kunyata ni ba, ka sani. In na samu mai kyau sai in matso in miƙo maka. Hazo zai rufe mu."

"Sulo."

"Na'am."

"Tun muna yara kake ƙarya, ban taɓa hana ka ba, don tana da daɗin ji. Wannan ba zan ci ba. Helmi za ta yi shekara talatin a zirin nan, ba zan ɗora ta a kan kifin aro ba."

"To zauna da taurin kanka, tsohon jaki. Me za ka yi?"

Ya riƙa murza yatsunsa a cikin zafi. Can ya ce, "Ƙara suke bi. To gobe ba za su ji ƙara ba."

Washegari aka wayi gari da yayyafi, ruwa ya yi toka-toka, sama ma haka. Reino ya haura can sama da bakin ziri ya kashe inji, ya bar janyewar teku ta ɗauko shi a hankali. Ganga ba ta juyawa sai da inji, saboda haka ya kwance mata birki, ya riƙa zare raga da hannu yana sakewa a ruwa, taku bayan taku. Kowace jawowa sai ya ji kamar ana cusa masa ƙusa a gaɓa. Bai yi ko tari ba. Ni ma na kashe nawa injin ina jiran lokacina, don kada in ɓata masa shiri.

Dabarar ta ci. Zakunan suna can kwance a kan duwatsu, tuli guda, babu wanda ya ɗaga kai. Reino ya ji abin da ya manta da shi shekaru, kukan ruwa a jikin katako, da ɗigar yayyafi a kan hularsa. Ya tuna haka kogin yake a zamanin ubansa.

Sai goruna uku suka nutse lokaci guda, can kusa da jirgi.

Bai jira ziri ya ƙare ba, kifi ɗaya yake nema. Ya kama igiyar sama ya riƙa jan jirgin zuwa wurin, ya ɗago raga a kan gwiwarsa. Ga shi nan. Salmon na farkon shekara, bayansa baƙi-baƙi, cikinsa kamar sabuwar azurfa, tsawonsa ya kai daga ƙafar mutum zuwa ƙugu. Ƙugiya tana kusa amma bai taɓa ta ba, kada Torbal ya ga rami ya ce haƙori ne. Ya cusa murɗaɗɗun yatsunsa ƙarƙashin kumatun kifin, ya warware zaren ɗaya-ɗaya, kifi yana dukansa da wutsiya a ƙirji.

Abin da Reino bai sani ba, Mai Haraji ya daɗe da wuce sauran. Shi ba ya jiran inji. Goruna yake kallo.

Ruwa ya tsage a bayan jirgi. Reino ya ga tozon nan, ya ji warin bakinsa. Ya yi baya da dukan ƙarfinsa, kifi ya fito daga raga ya faɗo masa a ƙirji, haƙoran suka haɗu a iska. Ya miƙe tsaye a kan tulin raga, ya rungume kifin kamar jariri, ya juyo wajen jirgina, ya buɗe baki ya yi kira.

Mai Haraji ya rasa wannan, amma akwai wani kifin a ragar can ƙasa. Ya cafke shi ya nutsa da gudu. Ganga ba birki. Ta fara juyawa kamar mahaukaciya, raga tana zuba ruwa, tulin da Reino ke tsaye a kai ya zame, zare ya naɗe masa takalmi.

Yana da hannu biyu, kuma akwai ƙarfen gefen jirgi dab da shi. In ya saki kifin zai kama. Ya san haka, na ga ya dubi ƙarfen. Sai ya juya ya wurga kifin cikin akwati, murfi ya faɗa a kai. Daga nan ban ƙara ganinsa ba.

Na tayar da inji, zakunan da ke kan duwatsu suka watse da haushi. Babu mai tuƙin da ya kai ni a kogin nan, amma ruwan farkon shekara narkakkiyar ƙanƙarar duwatsu ce, ba ya ba tsoho lokaci. Na haye jirginsa na naɗe ragar kaf. Takalmi ɗaya ya hau, da kawuna. Shi kansa sai bayan kwanaki aka tsince shi a kan yashi ƙasa da gada.

Jiragen ceto suna ta kewaye a ruwa na ɗauki kifin nan na kai rumfar raga, na shimfiɗa shi a kan tebur. Duk 'yan ziri suna nan a tsaye, ruwa yana ɗiga daga rigunansu. An kira Helmi daga kamfani, ta zo da rigar aikinta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba yau ba, Sulo," in ji Torbal. "Ka ji tsoron Allah, ba a ma ga mutumin ba."

"Yau. Gobe kifin zai yi laushi ka ce ba ka gane ba. Duba shi."

Ya duba. Ya juya shi, ya bi shi da yatsa daga baki zuwa wutsiya, ya ɗaga kumatu, ya sake juyawa. Babu ko ƙwarzane.

"Cikakke ne," ya ce. "Amma babu wanda ya ambaci suna."

"An ambata. Yana tsaye, kifi a ƙirjinsa. Sunan Helmi ya kira."

"Wa ya ji?"

"Ni."

Babban ɗan Torbal ya yi tsaki. "Kai? Da wane kunnen? Kai da ake buga ƙararrawar coci kana tambaya wa ke wanke tukunya?"

"Yaro, ina jin kifi yana numfashi a ƙasan ruwa tun ubanka yana tsotson yatsa."

"A tebur ake faɗa," in ji Torbal a hankali. "Haka uban Reino ya yi, haka nawa ya yi."

"Maimaita mini maganar tsofaffi, Torbal. Kai ne shugaba. Faɗi mu ji."

Torbal ya ce, "Kifi a hannu, suna a baki, ɗan ziri yana ji."

"Ina tebur a ciki? Ko ni ba ɗan ziri ba ne?"

Sai Helmi ta tako. Tun da ta zo ba ta yi kuka ba. Ta zaro wuƙar aikinta daga ƙugu, ta ɗora hannu a kan kifin, ta daɗe a haka, wurin da yatsun ubanta suka shiga. Sannan ta feɗe shi. Duk Astoriya babu mai hannunta. Ta yanka gunduwa-gunduwa daidai yawan jiragen ziri, ta riƙa miƙa wa kowa tasa, tana duban idonsa. Wanda ya karɓa ya yarda ke nan, haka al'adar take. Wasu suka karɓa da sauri, wasu suka dubi Torbal tukuna. Ta Torbal ce ta ƙarshe. Hannunta yana miƙe, jini yana bin gwiwar hannun yana ɗiga a ƙasa.

"Kawu Torbal," ta ce, "hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Ya juyo ya ce da ni, "Don Reino na karɓa, ba don kunnenka ba."

Kan kifin ita ta ɗauka ta tafi da shi gida.

Da shekara ta zagayo jirgin Helmi ya taɓa ruwa, aka sa ta a baya kamar kowane sabon shiga. Kifinta yana zuwa da cikinsa. Sai dai an ƙara rage mana kaso, fitar ba ta taka kara ta karya ba, har yanzu rabin shekara tana kamfani. Ƙaramin ɗan Torbal ya sayar da jirginsa ya tafi tuƙin babbar mota, ubansa ba ya gaishe ni. Tun daga Reino babu tsohon da ya sake cewa zai yi sallama. Mai Haraji yana nan, ya ƙara wuya.

Sau ɗaya Helmi ta tare ni a tasha, babu kowa kusa. Ta ce, "Kawu Sulo, tsakaninka da Allah, ka ji?"

Na ce, "Sau biyu ma ya faɗa."

Ta dube ni, ta dube ni, ta tafi ta kwance jirginta.

Na san abin da ake faɗa a shagon gahawa in na juya baya. Wai akwai nisa, wai akwai yayyafi, wai mutumin da zaki ya taso masa ihu kawai zai yi, wai Sulo ne. To ga ni, ga jirgina a ɗaure inda yake kullum. Duk mai shakka ya zaɓi ranar da ta fi kowace ruwan sama, ya tsaya inda Reino ya tsaya, ni in tsaya inda na tsaya, mu kashe inji. Ya kira sunan da ya ga dama. In ban maido masa da shi ba, har da na ubansa a kai, ya ɗauki jirgin da raga da komai. Sharaɗi ɗaya ne, shi zai shiga gaba, ya kwance birkin ganga, ya rungumi kifi. In ya isa ya zo.